Na Je Ɗauko Mikroskop, Na Dawo da Agogon Bango

Tun da na dawo daga Najeriya ban huta da tambaya ba. A kasuwar Dole an tare ni, a gidan sunan Rabi an tare ni, har mai kabu-kabun da ke kai ni aiki sai da ya waiwayo yana tuƙi ya ce, "To Madam, ina abin da aka je ɗaukowa?" Na ce ya dubi gabansa kafin ya zuba mu a kwata. Ku 'yan ajinmu kuwa kun fi kowa naci. Shi ya sa na zauna zan rubuta sau ɗaya. Wadda ta sake tambayata wannan zan miƙa mata, in ƙiwar karatu ta hana ta, ta nemi mai karanta mata.

Ga wadda ta manta: tun da jarrabawar Bak ta kayar da ni karo na biyu nake aiki a labo, ɗakin gwajin kimiyya, na wata lise, wato sakandare, mai zaman kanta a nan Damagaram. Aikina wanke kwalabe, goge tebura, da hana yara shan abin da ba a ce su sha ba. Ku riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa.

Labonmu na da mikroskop guda ɗaya, na'urar nan da ake leƙawa a ga ƙananan halittun da ido ba ya gani. Namu ya makance tun ban zo ba. Yara su yi layi, kowa ya leƙa ya ga duhu, ya koma ya kwafi zanen da ke kan allo, ya rubuta a ƙasa da Faransanci mai kyau cewa ga abin da ya gani. A ba shi not, wato maki. Haka na yi a zamanina, haka kuka yi, kada wadda ta ɗaga mini hanci.

Bana sai malaminmu na kimiyyar halittu, Mushe Isufu, wato Malam Isufu, ya zo da sabon salo. Ya daina rubuta wa yara abin da za su zuba da abin da zai fito. Su za su kawo tambayarsu, su tsara gwajin da kansu, in sun gama su tsaya gaban aji su yi ekspoze, wato bayani, a kan abin da suka samu. Ya ɗauko salon ne wurin wata Malama Hassana da suka haɗu a taron malamai, mai koyarwa a wata makarantar kwana ta 'yan mata can gaba da Daura. Ita ta gayyace mu gasa. Makarantu uku, kowace ta kawo yaranta da alƙali ɗaya, waɗanda suka zo na ɗaya su tafi da sabon mikroskop fil a kwalinsa.

Mushe Isufu ya kamata ya je. Tafiya ta matso sai akuya ta shiga gaban babur ɗinsa, ya karye a ƙafa. Direkta, shugaban makarantarmu, ya duba hagu ya duba dama, yara mata ne, dole mace ta raka su, malamai mata kuwa kowace ta ce mijinta bai yarda ba, har da wadda na san ba ta ma tambaye shi ba. Sai idonsa ya faɗa kaina ina wanke bokiti.

Ya ce, "Fasuma, ba surutu na aike ki ba. Ki kai yara, ki zauna inda aka ce, ki rufe bakinki, ki dawo da su."

Na ce, "Mushe Direkta, ku dai ku sa a share inda za a ajiye mikroskop."

A gaban dukan malamai na faɗa. Ba wanda ya tambaye ni.

Yaran biyu ne. Lidiya, 'yar wani ma'aikacin asibiti ce, babanta shi ke kaɗa jita a cocinsu. Ita yarinya ce mai maganar gaskiya a inda ba a bukata. Sai Barira, 'yar Hamdara, da ke zaune wurin gwaggonta a Garin Malam, wadda sai ta wuni ba ta yi magana goma ba. Tambayar tata ce. A garinsu mata na daka 'ya'yan zogale su zuba a ruwan tapki ya kwanta, to tana son ta san da gaske yana aiki, kuma nawa ya kamata a zuba. Don a nuna wa alƙalai gwajin ido da ido, sai muka cika bido, wato jarka, da ruwan tapkin bayan lise, jajir da shi kamar an dama kunun kanwa, muka ɗauka.

A tasha aka fara. Yaron mota ya ce bido sama zai hau, na ce tsakanin ƙafafuna zai zauna. Ya ce to sai in biya masa kujera, na ce ya nuna mini inda bido ya ajiye gindi. Na ci nasara, kuma na yi nadama, don tun kafin Tirmini ƙafafuna suka daina jin kansu.

Kusa da ni wata dattijuwa ce mai kai alkaki Kano, kwanoni jere a cinyarta. Tun da muka tashi take satar kallon bidon. Da muka karya kwana a Takeita ta kasa haƙuri, ta matso da bakinta kunnena.

"'Yata, na gidan miji ne ko na kasuwa?"

"Ruwan tapki ne, Hajiya. Na makaranta."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Haka ne. Ba a faɗa, in an faɗa ya karye."

Na yi mata bayanin zogale, na yi na labo, na haɗa da rantsuwa. Duk abin da na ce sai ta ce ta gane. A Matamaye da aka tsaya cin abinci ta ba mu alkaki cikin tafin hannu, sannan ta miƙo mini wata 'yar kwalbar turare da ba kowa a ciki, ta ce ko kaɗan ne in tsiyaya mata, ba za ta tambayi sunan malamin ba. Na tsiyaya mata don in samu lafiya. In kun ji wata mai alkaki ta yi kasuwa bana fiye da kullum, ku sani da hannun tapkinmu.

A Mai Mujiya wani jami'in duwan, wato kwastan, ya buɗe bidon ya sansana, yana zaton mai ne. Ya sake sansanawa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ruwa ya ƙare ne a Najeriya?"

Kafin in ba shi amsar da za ta sa mu kwana a nan, Lidiya ta gyara tsayuwa ta fara zuba masa ekspoze tun daga gaisuwa. Bawan Allah ya saurara har wurin dakan zogale, sannan ya rufe bidon da hannunsa ya ce mu je, Allah ya ba da sa'a, mutane na jira. A Kwangwalam kuma na miƙa takardar tafiyar da Direkta ya sha wahalar haɗa mana. Jami'in ba ya jin Faransanci. Ya juya ta, ya bi tamburan da ke jiki da yatsa, ya ce wanda ya iya tara wannan tambura haka ba shi da lokacin yin laifi.

Daga nan fa kuna Najeriya, amma ba abin da ya canza sai allunan bakin hanya. Gero iri ɗaya, jakuna iri ɗaya, zagin direbobi iri ɗaya. Na ɗan ji haushi, don na yi kwalliya.

Malama Hassana ta tarbe mu a ƙofar makaranta. Gajeriya ce, fara'a kamar ta san mu tun muna goye, kuma nan take ta mai da ni ƙanwarta. Masauki ɗakin jinyar 'yan makaranta aka share mana, gadaje na ƙarfe, warin magani ko'ina. Lidiya ta ce kamar tana gida. Na ciro cajar waya zan sa, na ga ramin bango uku ne masu kusurwa, tawa kuwa ƙafa biyu ce zagayayyu. Na tura, na murɗa, na lallaɓa. Wutar ma da ake ta jira, da ta zo ba ta amfane ni da komai ba.

Abinci ba laifi, shinkafa da wake da mai da yaji, yajin kuwa ba na wasa ba. Amma ku ji wannan. Na ce a taimaka mini da shayi, kaina na ciwo. Ina jiran ɗan kofin gilashi mai kumfa, mai ɗacin da ke buɗe ido. Sai ga wani kofin roba kamar na wankan jariri, cike da madara da sukari, da burodi mai laushi kamar katifa, shi ma da sukari. Na ce shayi na ce, ba kunun mai jego ba. Yarinyar da ta kawo ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Shi ne, Anti." Su can komai sai an durƙusa. Namu yaran in sun ce "bonjur Madam" suna tafiya, sun gama da ke. Wata kuma ta tambaye ni, da ladabinta, ko da raƙumi muke zuwa makaranta. Na ce e, nawa na bar shi a bakin iyaka yana caji.

Da la'asar na zaunar da yarana bita. Na koya musu abin da aka koya mana: a tsaya ƙyam, a haddace, a kalli bango, kada a yi tuntuɓe. Na ce, "Abu ɗaya, kada in ji wata ta ce ban sani ba. In an tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki maimaita abin da kika sani da ƙarfi."

Lidiya ta ce, "Madam, Mushe Isufu ya ce..."

"Mushe Isufu na kwance da ƙafa a sama. Ni ce a nan."

Washegari da safe aka kira alƙalai taron bayani. Mu uku ne: ni, Malama Hassana, da wani tsoho mai farin gemu daga makaranta ta uku, Malam Danjuma. Amma kafin a kai ga bayanin sai da aka yi addu'a, aka gai da shugabar makaranta, aka gai da mataimakiyarta, aka gai da wani da bai zo ba. Duk da Turanci. Turancina kun san shi, tare muka zauna a ajin. Abin da na tsinta kawai shi ne alƙali ba ya ba yaran makarantarsa maki, sauran biyun ke ba su, a haɗa a raba biyu. Na ce a raina wannan ai shi ne duka. Wayata ta mutu tun jiya, sai na sulale na fita bakin titi neman abin da zai haɗa cajata da bangonsu.

Da na dawo an watse. Malama Hassana ta riƙo hannuna.

"Ƙanwata, ina kika shiga? Kin dai gane tsarin makin ko? Bari in maimaita miki da Hausa."

Na ce, "Yaya, maki ne fa, ba tiyata ba."

Ta yi dariya ta sake ni.

Zauren ya cika da 'yan mata cikin shuɗin hijabi. Mikroskop ɗin na kan tebur a gaba, an ɗaura wa kwalinsa jan ƙyalle. Lidiya ta kasa ɗauke ido daga kansa. Ni ma dai haka.

Abin da ya fara ba ni mamaki, an bar yara su yi da Hausa, su tsoma Turanci inda ya kama. A wurinmu rabin not ɗin ekspoze na Faransanci ne, sauran rabin na kyan rubutu a kwali. A nan kuwa yarinya ba ta gama rufe baki ba Malam Danjuma ya taso mata da tambaya. Me ya sa kika zaɓi wannan? Sau nawa kika maimaita? In da kin canza kaza fa? Wata ta zo ta zuba hadda tiryan-tiryan, ba tuntuɓe ko ɗaya, na ce a raina ga gwana. Ya tambaye ta abu ɗaya da ba ya cikin haddar, ta tsaya tana kallon fanka. Ni da a gida ne da na tafa mata.

Sai ga wata siririya daga makarantar Malama Hassana, Safiya, da abokiyarta. Tambayarsu: randar da aka binne gindinta a jiƙaƙƙen yashi da wadda aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu, wacce ta fi sanyaya ruwa? Buɗe bakinta ke da wuya ta ce gwajinsu na farko ya lalace. Na zaro ido. Ta ce sai da suka gama suka lura randa ɗaya sabuwa ce, ɗaya tsohuwa, don haka ba su san ko yashin ne ya yi aiki ko sabuntar ba. Suka sayi biyu wurin maginiya ɗaya suka sake daga farko.

Na ga kowa na tambaya, na ce ni ma ba ado aka kawo ni ba. Na ce, "Ke, maginiya ɗaya ba randa ɗaya ba ce. In ɗaya ta fi kauri fa?"

Ko gezau. Ta ce, "Mun yi tunanin haka, Anti. Shi ya sa a tsakiyar gwajin muka musanya, wadda ke yashi ta koma buhu."

Na ja takardata na rubuta mata sha bakwai. Ku da kuka yi karatun lakol a nan kun san me sha bakwai take nufi. Mushe Isufu in zai ba da sha huɗu sai ya tashi ya zaga ya dawo. Sauran kuwa na bi su da sha ɗaya, sha biyu, mai haddar nan na ba ta sha uku don tausayi. Na ninke takardun na miƙa wa malamin lissafin da ke tarawa, ina jin kaina uwar masu kyauta.

Da aka zo kan yarana na koma gefe, tunda ba ni da maki a kansu. Barira da nake tsoron za ta sume, ita ta fara. Ta nuna yadda suka zana baƙin gicciye a takarda, suka ɗora dogon gilashi a kai, suna zuba ruwa har zanen ya ɓace, su auna tsawon ruwan da abin awo. Jan ruwa, zanen ya ɓace nan da nan. Wanda aka sa wa zogale tun safe, gilashi ya cika ana ganinsa. Ta kuma ce in an cika zogalen ruwan sake dagulewa yake, kakarta ma ta yi musu sai da ta gani. Na fara tunanin inda zan riƙe kwalin a mota.

Malam Danjuma ya ɗaga kofin ruwan a haske. "Ya yi garau, mun gani. To ana iya sha?"

Na kafe Lidiya da ido. Ta kalle ni, ta kalle shi.

"Ba mu sani ba, Malam. Haskensa muka auna. Ko akwai ƙwayoyin cuta a ciki, ba mu da abin da za mu gani da shi."

Na ga mikroskop na tafiya a kan kalma huɗu. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na karɓi kofin daga hannun tsohon, na kafa kai, na shanye tas, na dire shi a tebur.

Na ce, "Ga amsa."

'Yan mata suka kwashe da dariya da tafi. Malam Danjuma ya jira suka lafa, ya gyara tabarau.

"Allah ya ba da lafiya, 'yata. Sai dai wannan gwajin mutum ɗaya ne, kuma sakamakonsa bai fito ba tukuna."

Daga baya na ji wannan "ba mu sani ba" ita ta fi jawo musu maki.

Bayan azahar aka karanta sakamako. Yaran Damagaram na ɗaya, saba'in da takwas. Na yi guɗa, ni kaɗai, a ƙasar mutane. Aka miƙa wa Lidiya kwalin ta rungume shi kamar jariri. Sai aka ci gaba da karantawa, na ji na biyu ko hamsin ba su kai ba. Safiya ke nan. Ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa. Zauren ya ɗauki gunaguni. Wani malami dogo mai jar hula, wanda tun safe nake ganin bai yi mini ba, ya faɗa da ƙarfi don in ji:

"Ai dama. An kawo mana alƙaliya ta danne yaran mutane don nata su haye."

Direkta ya ce in rufe bakina. Na tuna, wallahi na tuna. Na tuna ne ina riƙe da lasifika.

Na ce, "Malam mai jar hula, ni na danne yara? Yarinyar nan sha bakwai na ba ta. Ni da nake gabanka, tun daga firamare har Bak ban taɓa ganin sha bakwai a takardata ba, ko a wasan guje-guje. Uku kacal ya rage ta cika ashirin. Me kuke so kuma, in ba ta zanena?"

Ba wanda ya yi dariya. Malama Hassana ta taso a hankali.

"Ƙanwata, ashirin kika ce?"

"Ashirin mana. Da nawa ake ba da not?"

"Mu da ɗari muke yi."

Kun san lissafi ne ya kayar da ni a Bak, sau biyu. To ranar nan, a tsaye, ba alli ba takarda, na yi lissafin da ya fi kowanne sauri a rayuwata. Sha bakwai sau biyar, tamanin da biyar. Malam Danjuma ya ba Safiya tamanin. A haɗa a raba, ta wuce yarana. Har na lissafa cewa da sha biyar na ba ta, da mun tsira da ƙyar. Amma na riga na shelanta sha bakwai a lasifika, har masu sayar da awara a bakin ƙofa sun ji.

Alƙalai da shugabar makaranta suka haɗa kai suna ƙus-ƙus. Sannan Malam Danjuma ya ce kuskure ne na baƙunta, laifinsu ne da ba su rubuta a takarda ba. An riga an sanar, yara sun zo daga wata ƙasa, kuma aikinsu mai kyau ne. In na amince, a bar shi yadda yake.

Kowa ya zuba mini ido. Lidiya ta ƙara matse kwalin.

Zan so in ce muku tsoron Allah ne ya kama ni, ko hawayen Safiya. Akwai su, kaɗan. Amma gaskiyar magana, mai jar hular nan na gani yana murmushi, irin na wanda zai shekara yana ba da labarin yadda aka ji tausayin Damagarawa aka ba su sadakar mikroskop. Na ce a raina ko makaho ne namu, gara shi.

Na ce, "A ninka kowane maki nawa sau biyar. Abin da na ba yarinya na ba ta."

Aka ninka. Safiya ta ɗaya, mu na biyu. Lidiya ta taka da kanta ta miƙa kwalin, ba ta yi kuka ba. Aka ba mu kyautar na biyu, agogon bango mai hoton furanni. Da Lidiya ta dawo ta zauna kusa da ni, ba ta kalle ni ba ta ce, "Madam, sha biyar ma fa not ne mai kyau." Ashe ita ma ta yi lissafin.

Safiya 'yar halak ce. Da aka buɗe kwalin a labonsu ta ce baƙi za su fara leƙawa, su zaɓi abin da za a sa. Barira ta je ta ɗauko ragowar ruwan nan garau. Malama Hassana ta ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi, ta murɗa, ta ja da baya. Barira ta leƙa ta daɗe. Lidiya ta leƙa ta fi ta daɗewa, har aka fara taɓa ta. Wannan ne karo na farko da yaran nan suka leƙa mikroskop suka ga wani abu ban da duhu. Lidiya ta ɗago, idonta ya cika da ƙwalla, amma bakinta na rawar dariya.

"Madam, zo ki ga abin da kika sha."

Na leƙa. Ba su da yawa, amma suna nan. Wani kamar takalmi mai gashi yana iyo abinsa. Wani yana juyi a wuri ɗaya kamar ya sha ƙwaya. Wani dogo ya zo ya wuce su da sauri, da alama yana da inda za shi. Kofi guda na shanye.

Dawowa ba zan ba ku labarinta dalla-dalla ba. Lidiya ta ce tsoro ne kawai, babanta ya ce ba duk abin da ke motsi a ruwa ke sa ciwo ba. Wataƙila. Ni dai na san bayan gidan Kwangwalam, na san na Matamaye, na san wani kangon gini kafin Takeita. A Tirmini direba da kansa ya tsaya ban roƙe shi ba, ya ce, "Madam, ko za a gai da mutanen nan ma?" Barira na rungume da agogo, Lidiya na zana mai kamar takalmin nan a bayan kwalin ekspoze, tana gyara masa gashi.

Na iske Direkta ya sa an share wurin da gaske. Har da sabon ƙyalle aka shimfiɗa a kan tebur. Na ɗora agogon a kai. Ya dube shi, ya dube ni. Labari ya riga ni isowa, Malama Hassana ta kira Mushe Isufu.

"Fasuma, na ce ki rufe bakinki."

"Kun ce, Mushe Direkta."

"Sau nawa kika buɗe shi?"

"Sau biyu. Ɗaya na sha, ɗaya na yi magana."

Ya juya baya yana kallon taga, kafaɗunsa na motsi. Bai kore ni ba.

Makon da ya wuce Mushe Isufu ya dawo da sanduna, ya sa yaran suka maimaita ekspoze ɗinsu a labo gaban 'yan ajinsu, agogon na rataye a saman makahon mikroskop ɗinmu. Lidiya ta manna zanenta a allo, ta ce wannan da idonta ta gan shi, ba kwafa ta yi ba. Da suka gama ya ce tunda an koyo alƙalanci, su ba 'yar rakiyarsu not. Suka haɗa kai suka yi shawara, Lidiya ta ce, "Sha bakwai."

Ina bakin famfo da kwalba a hannu. Na ce, "Cikin nawa?"

Barira ta ɗaga kai ta dubi agogo, ta ce, "Madam, lokacin tashi ya yi."

To kun ji. Kada wadda ta sake tare ni a hanya.